BUTUTUN GAS NA AKK BAI BIYO TA KEBBI BA: INA RABON ƘASAR ZURU?

Wannan shi ne cikakken jawabin da ɗaya daga cikin jagororin tafiyarmu ya gabatar a zaman tattaunawa da magoya baya a garin Zuru. Mun rubuto shi yadda aka faɗe shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. A karanta har ƙarshe, a tura wa 'yan'uwa.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Assalamu alaikum. Iyayena dattawa, shugabannin jam'iyya na mazaɓu, iyayenmu mata, matasa, Musulminmu da Kiristanmu, waɗanda suka taso daga Dabai da Ribah da Mahuta da Dirin Daji da Wasagu, ina gaishe ku, sannunku da hanya. Allah Ya saka da alheri.

Yau maganar gas za mu yi. Na san wani zai ce a ransa, mu da 'yan bindiga suka hana mu noma, mu da hanya ta lalace mana, ina ruwanmu da bututun gas? Ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci. Kafin in zauna za ku ga cewa kuɗin niƙan da uwar gida ke biya, da kuɗin buhun taki, da zaman banzan da mai walda ke yi a bakin shagonsa yana jiran wuta, duk suna da igiya ɗaya da ta ɗaure su da wannan magana.

Bari mu fara raba gardama, domin abu uku muke kira gas a bakinmu. Akwai man gas, wato dizal, wanda tirela da injin niƙa ke sha. Akwai gas ɗin girki, na tukunya, wanda ake aunawa da kilo. Sai na uku, iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa a tura ta cikin bututu. Wannan ta ukun ita nake nufi yau. Ita ce ke juya manyan injinan samar da lantarki, da ita ake yin takin yuriya, ita ce kuma ake matsawa a zuba wa mota, wadda kuke ji ana kira CNG. Don haka duk ɗan siyasar da ya zo ya ce maku da zarar an gama bututu tukunyar girki za ta koma rabin kuɗi, to ku sani ya haɗa abu biyu da ba hanyarsu ɗaya ba.

Nijeriya tana da wannan iska a jibge, sama da ƙafa kubik tiriliyan 200, babu ƙasar da ta kai mu a duk Afirka. Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar da ke kan babban layin ƙasa daga gas take fitowa. Madatsun ruwa, wato Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, su ke cike sauran. Mu nan mun saba cewa ai wutarmu ta Kainji ce. Gaskiya ne Kainji maƙwabciyarmu ce, kuma 'yan'uwanmu na ƙasar Yawuri sun ba da garuruwansu da gonakinsu ruwa ya cinye kafin a buɗe madatsar a 1968. Amma tukunya ɗaya ake zuba wutar ƙasar nan, daga nan a raba wa kamfanoni, a ba Kaduna Electric kasonsa ya raba tsakanin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Ranar da gas ya yi ƙaranci a Kudu, kason kowa zai ragu, har da namu. A farkon Janairun 2018 gobarar daji ta taɓa bututun da ke kai gas daga Escravos zuwa Legas, a kusa da Okada cikin jihar Edo, sai ga babban layin ƙasa gaba ɗaya ya faɗi. Wuta ta ci ciyawa a Edo, duhu ya rufe Zuru. Kun ga ruwanmu da bututu kenan.

To, sai maganar AKK. Wannan bututu ne mai faɗin inci 40, tsawonsa kilomita 614, daga Ajaokuta ya bi ta Abuja da jihar Neja da Kaduna ya ƙare a Kano. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, shi ya ƙaddamar da aikin ranar 30 ga Yunin 2020, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2.8. An ce wata 24 za a gama. Rancen da aka sa rai daga Chaina bai zo yadda aka so ba, kamfanin NNPC ya ci gaba da aikin da kuɗinsa, aka yi ta ɗaga ranar kammalawa. Sai a tsakiyar 2025 aka sanar da cewa bututun ya tsallake kogin Kwara. An tsara manyan tashoshin wuta a kan hanyarsa, a Abuja da Kaduna da Kano, masu ƙarfin megawat 3,600 idan an haɗa, kuma Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin ta Gwagwalada a Agustan 2023.

Wannan aiki gwamnatin jam'iyyarmu ce ta fara shi, kuma muna alfahari da shi. Arewa ta daɗe tana jiran irinsa. Waɗanda suka san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana sun san cewa tsadar mai da rashin wuta na cikin abubuwan da suka rufe ƙofofin nan. Amma ku ɗauko taswira ku duba da idonku. Bututun bai taɓa Kebbi ba. Bai taɓa Sakkwato ba, bai taɓa Zamfara ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, jama'a. Gas zai iya isa Kano, a yi biki, a yanka kyalle, mu kuma mu ci gaba da sayen dizal kamar ba a yi komai ba.

Abin da nake son ku riƙe daga jawabin nan shi ne wannan: ƙarfen da aka binne a ƙasa ba shi ke yanke wa kowa rabo ba. Ƙa'idojin da aka rubuta a kansa su ke yankewa. Wa zai iya zuba gas a ciki, wa zai iya ɗiba? Nawa ne kuɗin dako? Idan gas ya yi ƙaranci wa za a fara ba? Wa zai biya kuɗin reshen da zai kai wa na nesa? Amsar waɗannan tambayoyi huɗu a ofisoshin Abuja ake rubuta ta, kuma wanda ba ya wurin rabo, da shi ake rabawa.

Dokar da ke riƙe da wannan harka ita ce dokar masana'antar man fetur, PIA, wadda aka sa wa hannu ranar 16 ga Agustan 2021. Ta kafa hukumomi biyu. NUPRC tana kula da masu haƙowa. NMDPRA tana kula da bututu da sarrafawa da rarrabawa, ita ke ba da lasisi, ita ke amincewa da kuɗin dako. Ku riƙe sunayen nan biyu, domin su ne ƙofofin da wakilanmu ya kamata su riƙa ƙwanƙwasawa.

Tambaya ta farko, wa zai shiga? Ku ɗauki bututu kamar hanyar mota ɗaya tilo da ta shiga gari. Idan mai hanyar shi ma ɗan kasuwa ne, yana da nasa kayan da yake son sayarwa, me zai hana ya tare motar abokin gasarsa a bakin shinge? A ƙasar nan NNPC tana da kamfanin da ke riƙe da manyan bututu, tana kuma da kamfanin da ke sayar da gas. Shi ya sa doka ta ce bututu a buɗe yake ga duk mai lasisi, ba tare da nuna bambanci ba, kuma tun Agustan 2020 aka ƙaddamar da kundin ƙa'idojin jigilar gas domin a san yadda ake shiga da yadda ake fita. Turai ma sai da suka yi wannan faɗan, a 2009 suka yi dokar raba mai bututu da mai sayar da gas. Me ya sa wannan ya shafe mu? Domin babban kamfani ba zai waiwayi Zuru ba, kasuwarmu ta yi masa kaɗan. Ƙaramin ɗan kasuwa ne zai ɗebi gas a Kaduna, ya matsa shi a tanka, ya kawo mana. Idan aka rufe wa ƙanana ƙofa, mu aka rufe wa.

Tambaya ta biyu, kuɗin dako. Nan ne nake son dattawa su tuna mana tarihi. Tun 1975 akwai asusun daidaita farashin mai, PEF, wanda ke biyan kuɗin ɗauko fetur daga Kudu zuwa Arewa domin lita ta zama kuɗi ɗaya a Legas da Birnin Kebbi. Dokar PIA ta narkar da wannan hukuma cikin NMDPRA, sannan da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya koma biyan kuɗin nisansa. Ku da kanku kun san litar da kuke saye a Zuru ta fi ta Legas tsada. To gas ma haka zai iya zama. Akwai hanya biyu ta yanke kuɗin dakon bututu. Ko a yi kuɗi ɗaya ga kowa, kamar kan sarki na gidan waya da ake liƙa wa wasiƙa ko Kontagora za ta ko Kalaba, ko kuma a auna da kilomita, na nesa ya fi biya. Idan aka auna da kilomita zalla, masana'antar da ke Arewa ta shiga kasuwa da dutse a kanta tun kafin a fara ciniki. Wannan lissafi ba a yin sa a filin kamfe. A takarda ake yin sa, kuma ana kiran jin ra'ayin jama'a kafin a zartar. Tambayata ita ce, ranar da aka kira, wa ke zuwa da sunan Kebbi?

Tambaya ta uku, wa za a fara ba? Kamfanin da ya haƙo gas yana da kasuwa biyu a gabansa. Ko ya kai Bonny a daskarar da shi a loda wa jirgin ruwa, a biya shi da dala a kan lokaci, ko ya ba tashar wuta ta cikin gida wadda ake bin ta bashi. Kai in kai ne, wanne za ka zaɓa? Saboda haka doka ta ɗora wa masu haƙowa wajibcin ba kasuwar gida wani kaso, NUPRC ke yanke shi, kuma akwai tarar dala 3.50 a kan kowane ma'auni da aka ƙi kawowa ba tare da uzuri ba. Doka ta yi kyau a takarda. Abin da muke nema shi ne a riƙa buga wa duniya, kamfani kaza kasonsa kaza, ya kawo kaza, an ci shi tarar kaza. Bututun AKK ba rijiya ba ne, guga ne kawai. Sai an zuba masa daga Kudu, ta hanyar wasu bututun irin su OB3 wanda shi ma ya shekara da shekaru yana fama da tsallake kogin Kwara. Idan babu gas a bakin Ajaokuta, abin da zai isa Kano iska ce ta Allah.

Wannan tambaya tana ƙara nauyi idan muka tuna cewa AKK somin-taɓi ne na wani babban buri. Akwai shirin bututun da zai ratsa Sahara, sama da kilomita 4,000, daga Nijeriya ta Nijar zuwa Aljeriya, daga nan Turai. An sa hannu a kansa a Abuja a 2009, aka sake sabunta shi a Aljiyas a Yulin 2022. Akwai kuma na Maroko, wanda aka sanar a Disambar 2016, zai bi gaɓar teku ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 Turawa suke neman gas ido rufe, domin kusan kashi 40 cikin 100 na wanda suke shigowa da shi daga Rasha yake zuwa a da. Ba mu ƙi a sayar a samu dala ba. Amma mun ga yadda aka yi wa Neja Delta, mai yana wucewa ta bayan gida, mutanen gari suna kunna aci-balbal. Ba mu so a wayi gari gas yana ratsa Arewa zuwa Turai, mu muna kallon alamar da aka kafa cewa kada a yi haƙa a nan. A rubuta tun yanzu, baƙi a kan fari, cewa sai gida ya ƙoshi kafin a kai dawa.

Tambaya ta huɗu, wa zai biya kuɗin reshe? A nan ma doka ta tanadi wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Akwai asusun gina kayan aikin gas a ƙarƙashin NMDPRA, ana kiransa MDGIF. Ana zuba masa kashi 0.5 cikin 100 na farashin sari na man fetur da gas da aka sayar a ƙasar nan. Ma'ana, duk ɗan acaɓan da ya sha mai a Zuru, duk direban da ya ɗauki lodi zuwa Ribah, ya sa hannu a wannan asusu ko bai sani ba. To ina ayyukansa a Kebbi ta Kudu? Wannan tambaya ce da Sanatanmu da 'yan majalisar wakilanmu ke da ikon yi a zauren majalisa, a kira shugabannin asusun su kawo jerin ayyuka jiha-jiha.

Kada kuma wani ya ce ai sai an ja bututu har ƙofar gida sannan za a amfana. Ku dubi Maiduguri. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka fasa turakun layin da ke kawo masu wuta daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu. Aka gina masu tashar megawat 50, aka buɗe ta a Maris ɗin 2023, kuma a tanka ake kai mata daskararren gas tun daga Kudu. A Janairun 2025 an aza harsashin ƙananan masana'antun daskarar da gas guda biyar a Ajaokuta, da nufin irin wannan jigila zuwa Arewa. Idan gas ya iso Kaduna ta bututu, tafiyar tanka zuwa wajenmu ta ragu ƙwarai. Kamfanonin shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru, da asibitoci, da masu niƙa idan suka haɗa kai, su ne kasuwar da za ta ja hankalin mai zuba jari.

Sai dai mu yi hattara da gina doki kafin a samo ciyawa. Tashar wuta ta Kudenda a Kaduna, megawat 215, tun 2009 aka ba da kwangilarta. Tashar jihar Sakkwato, megawat 38, tun 2008. Shekaru suka yi ta wucewa ana jiran amfaninsu, kuma tambayar man da za su sha tana cikin manyan abubuwan da suka dabaibaye su. Duk wanda ya zo mana da alkawarin tashar wuta, mu tambaye shi, ina takardar yarjejeniyar gas ɗinta, ta ina zai biyo, nawa ne kuɗinsa?

Yanzu bari in taɓa maƙwabta, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai bututun Afirka ta Yamma, kilomita 678, da ke kai gas ɗin Nijeriya Benin da Togo da Ghana. A Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa shi a gaɓar Lome. Kusan shekara guda Ghana ba ta samu gas ba, suka shiga ɗauke wutar da suke kira dumsor. A 2015 kuma aka yi barazanar rufe masu famfo saboda bashi. Aljeriya ta daina tura gas ta bututun da ke bi ta Maroko a ƙarshen Oktoban 2021, bayan sun ɓata. A 2024 rikicin kan iyaka tsakanin Nijar da Benin ya tsayar da lodin ɗanyen man da aka turo ta bututun Agadem. Mu kanmu, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mun yanke wutar da ke tafiya Yamai ta layin Birnin Kebbi, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga wajenmu take zuwa, sai a Maris ɗin 2024 aka mayar. Darasin ɗaya ne a duk waɗannan. Wanda ya rataya rayuwarsa a igiya ɗaya, ranar da ta tsinke, ko aka tsinke ta, ba shi da ta cewa. Kuma wanda muka yanke wa wuta jiya, shi muke son ya tsare mana bututu ta cikin ƙasarsa gobe. Shi ya sa zaman lafiya da Nijar ba alfarma muke yi wa kowa ba, kasuwancinmu ne.

Mu ma a igiya ɗaya muke. Babban layin Kainji zuwa Birnin Kebbi shi ke ɗauke da Kebbi da Sakkwato da wani ɓangare na Zamfara. A Satumbar 2023 gobara ta cinye manyan taransifomomi a tashar Birnin Kebbi, kowa ya ga abin da ya biyo baya. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ya rage shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwana da kwanaki cikin duhu. A 2025 iska ta kayar da turaku a layin Kainji. Ko da tashoshin AKK sun fara aiki gobe, wutarsu ta waɗannan wayoyin za ta biyo. Don haka maganar bututu da maganar layin wuta Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

A nan ne gwamnatin jiha ke da aiki. A Maris ɗin 2023 an gyara tsarin mulki, a Yunin 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki, jihohi suka samu ikon samar da wuta da rarraba ta da kuma kafa hukumarsu ta sa ido. Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi nasu ikon tun Afrilun 2024. Abin da muke son gani a ƙasa shi ne ƙananan tashoshi, na rana da na gas, kusa da inda ake buƙata, yadda idan babban layi ya faɗi, asibitin Zuru da famfon ruwa ba za su faɗi tare da shi ba.

Akwai kuma gaskiyar da ta shafe mu mu kanmu, ba zan tsallake ta don a tafa mini ba. Gas da dala ake yi masa farashi. A 2024 NMDPRA ta yanke dala 2.42 a kan kowane ma'auni ga tashoshin wuta. Mu kuma da naira muke biya, idan mun biya. A farkon 2024 Ministan Lantarki Adebayo Adelabu ya faɗa da bakinsa cewa ana bin ɓangaren bashin naira tiriliyan 1.3 na masu samar da wuta da dala biliyan 1.3 na masu gas, kuma shi ne ya sa wuta ta ragu a lokacin. Mai gas ba zai zuba inda ba a biya ba. Saboda haka mu nemi mita, mu ƙi bil ɗin ƙiyasi, amma wanda aka sa wa mita ya daina zagaye waya ta bayan gida. Ma'aikatun gwamnati su ma su biya nasu bil ɗin. Ba za mu je Abuja neman haƙƙi ba alhali ana nuna mu da yatsa.

Sai tsaro. Ba sai na gaya wa mutumin Danko-Wasagu ko Sakaba abin da daji ya zama ba. Bututu da turakun wuta ta daji suke bi, tankar gas kuma ta hanya take bi. Babu ɗan kasuwar da zai saka motar miliyoyin naira a hanyar da ake tare mutane da rana tsaka, ko wadda ramuka suka cinye. Ƙasar nan ta ba Nijeriya sojoji fiye da yadda za a ƙirga, kusan kowane gida akwai tsohon soja. Idan ana maganar tsaron kayan gwamnati, a yi da mutanen gari, a ɗauki 'ya'yansu aiki bisa doka, a biya diyyar gona kafin a sa katafila.

To me muke nema? Abu biyar, ku rubuta. Na ɗaya, Sanatan Kebbi ta Kudu da 'yan majalisar wakilanmu su nemi MDGIF ta bayyana ayyukanta jiha-jiha, su kuma nemi kason Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Na biyu, gwamnonin jihohin nan uku su haɗa murya su nemi a yi nazarin reshen AKK zuwa yammacin Arewa, kafin nan kuma a kafa cibiyoyin saukar da gas na tanka, ɗaya daga ciki a ƙasar Zuru. Na uku, jihar Kebbi ta riƙa tura masana duk ranar da NMDPRA ta kira jin ra'ayi a kan kuɗin dako, su tsaya a kan cewa kada nisa ya zama laifi. Na huɗu, NUPRC ta riƙa buga kason gida da kowane kamfani ya kawo, kuma duk yarjejeniyar fitar da gas ta Sahara ta ƙunshi sharaɗin biyan buƙatar gida tukuna. Na biyar, a samar wa yankinmu hanyar wuta ta biyu, da ƙananan tashoshi a ƙarƙashin dokar jiha.

Na san wasu 'yan'uwanmu a cikin jam'iyya za su ce muna yi wa gwamnati zagon ƙasa. Su ji da kyau. Mu muka yi yawon gida-gida, mu muka tsaya a rumfar zaɓe rana tana dukanmu, mu kuma za mu koma wa mutane mu sake roƙon ƙuri'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk abin da na lissafa yau, dokar da gwamnatinmu ta yi ce, cewa muka yi a aiwatar da ita har ta iso mana. Wanda ya tafa kawai ya koma gida bai taimaki Shugaban Ƙasa ba, bai taimaki Gwamna ba. Ranar zaɓe talaka ba zai tambaye mu tsawon bututu ba, kuɗin niƙa da kuɗin taki zai tambaye mu.

Matasanmu na Facebook da WhatsApp, aikinku ne yanzu. Ku rage zagin juna a kan wane ya fi wane. Ku ɗauki waɗannan buƙatu biyar, ku aika wa kowane wakili, cikin ladabi, ku nemi amsa a rubuce. Duk mai neman tikiti da zai zo gaishe ku, ku tambaye shi mene ne MDGIF. Idan ya yi shiru, kun san inda kuka tsaya da shi. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa sanin kuɗin niƙa, kada ku bari a yi zaman nan ba da ku ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ake rubuta ƙa'idojin, yanzu ne lokacin magana.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Zuru da jihar Kebbi da Nijeriya baki ɗaya. Allah Ya kawo mana ƙarshen 'yan bindiga, Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba shugabanninmu ikon jin gaskiya da aiki da ita. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.